Yadda Ɗalibi Zai Gina Tsarin Kasuwancin Dare Don Darasin Koyon Sana'a

Tun shekarar 2006 gwamnatin tarayya ta umarci jami'o'in Najeriya da su riƙa koyar da darasin kasuwanci da dogaro da kai ga kowane ɗalibi, ko da likitanci yake karantawa ko tarihi. A sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disambar 2022, ana ɗaukar kwas ɗin kasuwanci mai lamba ENT 211 a aji biyu, sannan ENT 312 a aji uku, kuma a ENT 312 ne ake sa ran ɗalibi ya kawo tunanin sana'a, ya rubuta tsarinta, ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Ɗalibai da dama sukan zaɓi kasuwancin dare, domin kuwa su kansu mutanen dare ne, sun san inda yunwa ke kama su bayan an tashi daga karatu. Matsalar ita ce yawancinsu intanet suke buɗewa, su kwaso tsarin gidan rawa na Landan ko na Legas, su sauya sunan gari, su miƙa wa malami. Irin wannan takarda tana ba ni takaici, saboda daren garinmu cike yake da ciniki na halal wanda ba a gama ganowa ba, kuma ɗalibin da ya tsaya ya dube shi da idon basira zai iya fita daga jami'a da sana'a a hannunsa, ba maki kaɗai ba.

Zan ɗauki misali ɗaya in bi shi har ƙarshe: ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano da ke son buɗe dandalin shan shayi da kallon ƙwallo a unguwannin da ɗalibai ke kama haya kusa da sabon mazaunin jami'ar, a kan titin Gwarzo. Wanda yake Samaru a Zariya ko Dundaye a Sakkwato ko Maraɗi zai iya ɗora nasa garin a kan wannan.

Mataki na farko: ka tantance abin da dare yake nufi a garinku

Kafin ka rubuta ko da layi ɗaya, ka zauna ka jera duk abin da ake saye da sayarwa daga sallar magariba zuwa asuba a inda kake. Akwai mai shayi da burodi da wainar ƙwai, akwai mai tsire da balangu da gurasa, akwai mai fura da nono, akwai gidan kallon ƙwallo, mai cajin waya, mai POS, kemis ɗin da ba ya rufewa da wuri, da masu abinci a tashar mota da ƙofar asibiti. Wannan jerin shi ne kasuwar da za ka shiga. Sannan ka ja layi a kan abin da ba zai yiwu ba. Jihar Kano tana aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma Hukumar Hisba da aka kafa da doka a 2003 tana sa ido a kan wuraren taruwar jama'a, don haka tsarin da ribarsa ta dogara da giya ko caca ko cakuɗar rawa ya faɗi tun daga shafin farko. Ko babu hukuma ma, iyayen da kake son 'ya'yansu su zo wurinka ba za su bar su ba. Ka rubuta wannan iyaka ƙarara a takardarka, domin malami zai gane cewa ka san ƙasar da kake takawa.

Mataki na biyu: ka fita da dare ka ƙirga

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan ɗalibai ke zamewa. Gani ya kori ji. Ka ware dare bakwai a jere, ka ɗauki ƙaramin littafi da biro, ka tafi da aboki ɗaya domin tsaro, ka zauna a wurin da kake hange daga ƙarfe bakwai zuwa lokacin da ƙafa ta ɗauke. Ka raba shafinka gida-gida, kowane gida rabin awa, ka riƙa rubuta yawan waɗanda suka wuce, da yawan waɗanda suka tsaya suka sayi wani abu, da abin da suka saya, da tsawon zaman da suka yi. Dare bakwai na ce ba biyu ba, saboda daren Talata da ake buga gasar zakarun Turai ba ɗaya yake da daren Litinin ba, haka daren Juma'a da wasu ɗalibai ke tafiya gida.

Ka zauna a bencin mai shayi ka sayi kofi kamar kowa, ka zuba ido. Za ka ga yana tsaye bayan teburinsa, gwangwanayen madara a jere kamar ganuwa, tukunya tana tafasa a gefe, yana ɗaga kofi sama yana sheƙa shayin cikin wani kofin har kumfa ta taso, kunnensa kuma yana wajen mutum huɗu a lokaci guda: wannan yana son mai kauri, wancan ruwan bunu kawai, na uku Indomie biyu da ƙwai uku ban da attaruhu da yawa, na huɗu kuma yana cewa a rubuta masa sai gobe. Ka lura da minti nawa mai Indomie ya jira, da mutum nawa suka leƙo suka ga benci ya cika suka wuce, da inda ake wanke kofuna, da launin ruwan da ke cikin bokitin wankin bayan ƙarfe goma. Duk wanda ya leƙo ya juya, ciniki ne ya tafi, kuma wannan cinikin da ya tafi shi ne ƙofar da za ka shiga ta cikinta.

Bayan ka saba da wurin, sai ka yi magana da mai sana'ar cikin ladabi. Ka gaishe shi, ka gaya masa gaskiya cewa kai ɗalibi ne kuma aikin makaranta aka ba ka, ka zaɓi lokacin da babu layi. Kada ka tambaye shi nawa yake samu, domin babu ɗan kasuwar da zai faɗa maka wannan. Ka tambaye shi gwangwanin madara nawa yake fasawa a dare, burodi nawa yake sara, kiret nawa na ƙwai ke ƙarewa, wane wata ne ya fi ciniki, kuma mene ne ya fi ba shi wahala. Daga waɗannan amsoshi za ka iya fitar da lissafin da kanka. Sai kuma ka tattauna da masu saye, aƙalla mutum talatin, kuma ka guji tambayar nan ta ko za su zo idan ka buɗe wuri, domin kunya za ta sa kowa ya ce zai zo. Ka tambayi abin da ya riga ya faru: ina ka ci abinci daren jiya, nawa ka kashe, ina ka kalli wasan ƙarshe, me ya ɓata maka rai a wurin, yaya ka koma gida.

Mataki na uku: matsala ɗaya, mutum ɗaya

Idan ka dawo da littafinka, za ka ga ƙorafe-ƙorafe suna maimaita kansu. A ce abin da ya fi yawa shi ne gidajen kallo suna da zafi da cunkoso da hayaƙin sigari, injin yana mutuwa ana tsakiyar wasa, kuma mutum sai ya fita ya nemi abinci a wani wuri. To tunaninka ya samu gindi. Ka rubuta shi a jimla ɗaya: wuri mai iska da tsafta inda ɗalibi ko matashin ma'aikaci zai kalli wasa ba tare da an ɗauke wuta ba, ya sha shayi, ya yi cajin wayarsa, ya tashi kafin dare ya tsala. Idan jimlar ta gagara rubutuwa, to tunanin bai nuna ba tukuna. Ka yi haƙuri da sha'awar haɗa komai da komai. Takardar da ta ce za a yi gidan abinci da wurin aski da wurin wasan bidiyo da shagon sutura a rumfa ɗaya tana nuna mai ita bai yanke shawara ba.

Ga ɗaliba kuwa, kada ta ɗauka cewa dare ba nata ba ne. Ba sai ta tsaya a bakin titi ba. Ma'aikatan jinya da ke kwana a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, da masu jinyar 'yan uwansu, da ɗalibai mata a ɗakunan kwana lokacin jarrabawa, duk suna buƙatar abinci mai zafi da kunu da shayi a filas. Ana iya karɓar oda ta WhatsApp kafin magariba, a dafa a gida, amintaccen ɗan aike ya kai. Matakan da ke tafe duk sun shafe ta, sai dai nauyin haya da na wuta ya ragu, na kai kaya ya ƙaru.

Mataki na huɗu: wuri, maƙwabta da izini

Hausawa na cewa dare mahutar bawa, kuma sana'arka za ta riƙa buɗewa ne a daidai lokacin da maƙwabcinka ke neman hutawa. Na fi ganin wuraren dare da ƙorafin maƙwabta ya rufe a kan waɗanda rashin ciniki ya rufe, shi ya sa nake ganin wannan mataki ya cancanci shafi guda cikakke a takardarka. Ka nemi wurin da yake bakin babban titi ko kusa da wasu shaguna, ba tsakiyar gidajen iyali ba, kuma ba jikin masallaci ko makarantar allo ba. Ka je wurin da rana, ka koma da dare, ka kuma tambaya yadda yake idan an yi ruwan sama, domin filin da ya burge ka a watan Janairu yana iya zama tafki a watan Agusta. Ka duba inda za a ajiye babura, da inda za a yi banɗaki da alwala, da inda ruwan wanke-wanke zai bi.

Daga nan sai ka nemi dattijon da ya san ka ya raka ka wajen mai unguwa. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, ranka ya daɗe, ga abin da nake son yi, ga lokacin buɗewa, ga lokacin rufewa, za a rage sauti idan an kira sallar isha'i, ba za a bar ƙananan yara su kai dare ba, ba za a sha komai na maye ba. Ka saurari sharuɗɗan da zai gindaya, ka rubuta su, ka saka su a tsarinka a matsayin dokokin wuri. Haka za ka yi da limamin unguwa da shugaban 'yan sintiri, sannan ka sanar da ofishin 'yan sanda na yankin. Ko da aikin makaranta ne kawai kake yi, zuwa wajen mai unguwa ɗaya zai koya maka abin da awa goma na laccar aji ba za su koya maka ba.

Izinin hukuma kuma ka jera shi dalla-dalla. Rajistar sunan kasuwanci ana yin ta ne a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, bisa dokar kamfanoni ta 2020, kuma ana iya cike ta ta intanet. Ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin wurin sayar da abinci, duba-gari kuma za su duba tsafta, su nemi shaidar gwajin lafiyar masu taɓa abinci. A Kano ka leƙa Hukumar Tace Fina-finai ka ji sharuɗɗan gidan kallo, ka kuma tambayi harajin da ya hau kanka a hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Idan za ka ƙulla zoɓo ko kunun aya a roba da suna da tambari, maganar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta shigo. Akwai kuma abin da kusan kowane ɗalibi ke mantawa: katin DStv na gida ba a yarda a nuna wa jama'a shi don kuɗi ba, akwai tsarin biya na daban na wuraren kasuwanci, kuma shi ya kamata ya fito a lissafinka. Kuɗin kowane ɗaya daga cikin waɗannan ka je ka jiyo shi da bakinka, ka rubuta ranar da aka faɗa maka.

Mataki na biyar: lissafin wuta

Sana'ar dare haske take sayarwa kafin ta sayar da shayi. Wutar KEDCO, kamfanin rarraba lantarki na Kano, za ka ɗauke ta a matsayin ƙari idan ta zo, ba ginshiƙi ba, man fetur kuma tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama abin da ke iya cinye ribar ƙaramin wuri gaba ɗaya. Don haka ka yi lissafin da hannunka. Ka duba bayan kowace na'ura ka kwafi wat ɗin da aka rubuta, wato yawan wutar da take ja. A ce talabijin biyu manya suna jan wat 200 a haɗe, dikoda wat 25, ƙwan fitila goma na LED wat 100, fanka huɗu wat 280. Jimla ta kama wajen wat 600. Idan za ka buɗe awa biyar, kana buƙatar wat-awa 3,000 a kowane dare. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗaukar wat-awa 2,400, amma irin na ruwan batir ba a son a zuƙe fiye da rabinsa idan ana son ya yi ƙarko, wato 1,200 ke nan kake da shi. Ka ga batir biyu ba za su kai ka ba, idan kuma ka ƙara abin da inbata ke ci da cajin wayoyi, huɗu za ka nema, tare da farantan sola da za su cika su da rana. Sai ka kwatanta wannan kuɗi na tashi ɗaya da kuɗin man janareta na wata goma sha biyu, ka nuna wa malami dalilin da ya sa ka zaɓi wanda ka zaɓa.

Idan janareta ka zaɓa, ko ka ajiye shi don ko-ta-kwana, to wajibi ne ya zauna a fili, nesa da inda mutane suke, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke kashe mutane a rufaffen wuri. Tukunyar gas ma ta zauna nesa da wuta da kujeru, a rataye abin kashe gobara inda hannu zai kai, kuma wurin ya kasance da ƙofa biyu. Rumfar kwano mai ƙofa ɗaya da mutum sittin a ciki ba abin da zan sa wa hannu ba ne, komai kyawun lissafinta.

Mataki na shida: daga kofi ɗaya zuwa shekara guda

Ka fara da kofi ɗaya. Ka sayi gwangwanin madara da sukari da ganyen shayi da Milo, ka haɗa da kanka, ka ƙirga kofi nawa gwangwani ɗaya ya yi, ka raba kuɗin, ka ƙara na gas da ruwa. Haka za ka yi wa faranti ɗaya na Indomie da ƙwai. Abin da ya rage bayan ka cire wannan daga farashin sayarwa shi ne ribar kowane kofi. Sannan ka tara kuɗin da za ka biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba: haya, albashi, kuɗin tashar kallo, kuɗin sintiri, ajiyar gyara da ta sauya batir.

Ga misali da alƙaluman da na ɗauka don koyarwa kawai, kai kuma ka maye gurbinsu da naka. A ce tsayayyen kuɗin wata naira 300,000 ne, kuma kowane mutum da ya shigo yana bar maka ribar naira 400 tsakanin kuɗin kallo da shayi da caji. Ka raba 300,000 da 400, ka samu mutum 750 a wata, wato mutum 25 a kowane dare, kafin a kai inda babu riba babu asara. Yanzu sai ka koma littafin ƙirgarka na mataki na biyu ka tambayi kanka: shin a daren Litinin da babu wasa, mutum 25 za su zo? Idan amsar a'a ce, to ka san darare masu wasa ne za su ɗauki nauyin marasa wasa, kuma dole ka nemo abin da zai jawo mutane a sauran kwanaki, kamar teburin dara da ludo, ko kusurwar karatu mai haske da wurin caji a makonnin jarrabawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki cinikin dare mafi kyau a ninka shi sau 365. Shekarar mai sana'ar dare ba a miƙe take ba, don haka ka zana jadawalin wata goma sha biyu. Gasar Firimiyar Ingila tana gudana ne daga Agusta zuwa Mayu, Yuni da Yuli sukan zama fayau sai a shekarar da ake babbar gasa ta ƙasashe. Manyan wasannin zakarun Turai na daren Talata da Laraba suna farawa ƙarfe tara agogon Najeriya daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, amma ƙarfe takwas a sauran watanni, saboda Turawa suna sauya agogonsu mu ba ma sauyawa; wannan awa ɗaya tana shafar lokacin rufewarka da na isha'i. Hunturu kakar mai shayi ce, bazara kuma mutane sukan kai dare a waje suna neman abu mai sanyi, damina kuwa hadari ɗaya yana iya watse taro. A watan azumi komai yana juyawa: ciniki ba ya tashi sai bayan tarawihi, a goman ƙarshe kuma masu fitowa daga tahajjud suna neman abin sahur. Sai babbar barazana ga duk wanda ya jingina da ɗalibai, wato hutu da yajin aiki. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya fara ne ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye shi ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ka rubuta a fili yadda wurinka zai rayu idan haka ta sake faruwa, ko ta hanyar jawo mazauna unguwa tun farko, ko ta yarjejeniyar haya mai sassauci.

Maganar bashi ma ka yanke ta tun a takarda. Abokan ajinka su ne za su fara zuwa, su ne kuma za su fara cewa a rubuta. Ka sa iyaka ga abin da mutum ɗaya zai iya ci bashi, ko ka hana gaba ɗaya, ka kuma tanadi na'urar POS da lambar asusu ta kasuwanci, wadda ba ta aljihunka ba. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san amfanin wannan.

Mataki na bakwai: tsaro da hanyar komawa gida

An ce dare rigar mugu, kuma ƙwacen waya abu ne da mutanen Kano suka daɗe suna kuka da shi. Mai zuwa wurinka ba ya rabuwa da kai sai ya isa ɗakinsa lafiya. Idan aka tare mutum biyu a kan hanyarsu ta komawa, labari zai bazu, kujerunka su zama babu kowa. Ka sa fitila mai haska ƙofar wuri da inda ake ajiye babura, ka ɗauki mai gadi wanda unguwa ta sani, ka ba da lambar ajiyar babur, kuma kada a bar kuɗi mai yawa a aljihun tebur har lokacin tashi. Ka binciki dokar zirga-zirga da ke aiki a lokacin da kake rubutu. A watan Yulin 2022, alal misali, gwamnatin Jihar Kano ta hana adaidaita sahu aiki daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, kuma doka irin wannan tana nufin wanda gidansa ke nesa ba zai tsaya ganin ƙarshen wasan ƙarfe tara ba. Saboda haka ainihin kasuwarka su ne waɗanda za su iya takowa da ƙafa, kuma su ya kamata ka ƙirga.

Ka tuna kuma kai ɗalibi ne, kana da lacca ƙarfe takwas na safe. Ka nuna wanda zai riƙe wurin a madadinka, da yadda za a riƙa ƙirga kaya kafin buɗewa da bayan rufewa, gwangwani nawa aka fasa, ƙwai nawa ya rage, domin a gane ko kuɗin da ke cikin akwati ya yi daidai da kayan da suka fita.

Mataki na takwas: gwaji, sannan jari

Kafin ka nemi sisin kowa, ka gwada abin a ƙarami. Ka ari talabijin, ka yi hayar kujeru ashirin, ka nemi izinin mai wani fili ko shago na dare uku, ka haɗa kai da mai shayin da ke kusa a kan ku raba riba. Ka rubuta mutum nawa suka zo, nawa suka kashe, wa ya dawo a dare na biyu, kuma me ya lalace. Sakamakon dare uku na gaske ya fi shafi goma na hasashe nauyi a wurin kowane malami mai adalci.

Jari kuwa ka fara da na kusa: ajiyarka, adashi, ko ɗan uwa da zai zuba kuɗi kai ka zuba aiki bisa tsarin mudaraba, a rubuta rabon riba a gaban shaidu. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa kamar Jaiz da TAJ, akwai hukumar SMEDAN mai tallafa wa ƙananan sana'o'i, akwai kuma Gidauniyar Tony Elumelu da ke ba waɗanda ta zaɓa jarin dala 5,000. Sai dai kada ka gina tsarinka a kan tallafin da bai shigo hannunka ba.

Mataki na tara: rubutu da ranar karewa

Ka bi fasalin da sashenku ya bayar, amma ka tabbata kowace magana tana da tushe a littafin ƙirgarka. Taƙaitaccen bayanin da ke shafin farko shi za ka rubuta a ƙarshe, bayan lissafi ya zauna. Idan an buƙaci jadawalin ƙarfi da rauni da dama da barazana, ka cika shi da abin da ka gani da idonka: rauninka shi ne ba ka taɓa riƙe ma'aikaci ba, barazanarka ita ce gidan kallon da ke bayan layi yana karɓar kuɗi ƙasa da naka. Ka liƙa jadawalin darare bakwai da takardun farashin da ka karɓo daga masu sayar da batir da kujeru, da hotunan gwajinka bayan ka nemi yardar waɗanda ke ciki.

Ranar karewa ka shiga da amsar tambayoyi huɗu a bakinka, domin da wuya a rasa su: mutum nawa kake buƙata a dare kafin ka fara cin riba, me za ka yi idan an rufe makaranta, wa ya ba ka izinin tara jama'a a wurin, kuma me zai hana mai shayin da ka yi wa tambayoyi ya sayi talabijin gobe ya yi abin da kake shirin yi. Ta ƙarshen ita ce mai wuya. Ka yi tunaninta tun yanzu, kuma ka duba ko ba zai fi maka ba ka jawo shi cikin tsarin a matsayin abokin tarayya, shi ya riƙe tukunya da abokan cinikinsa na shekaru, kai ka riƙe wuta da kujeru da littafin lissafi, a rubuta kason kowa a takarda, mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida.